Addu'ar Baba Tolegen a Kan Rago

Ranar da aka tara ma'aikata aka ce gwamnati ta sayar da masaƙa ga Yerkin, wani ɗan kasuwa daga birnin Almaty, ko tari ba wanda ya yi. Aka ce za a rage mutane, shiru. Aka ce gidan renon yara na masaƙa za a mai da shi sito, shiru. Da aka ce akwai mai tambaya, sai kowa ya hau duban takalminsa kamar yau ya saye shi.

Marjan kuwa, ɗaya daga cikin ma'aikatan, ita abin ya fi shafa. Tagwaye gare ta 'yan shekara uku, miji ya tafi ci-rani Rasha. In an rufe gidan reno dole ta ajiye aiki, in ta ajiye kuma su ci me? Ta ɗaga hannu har kafaɗa, ta ga idon shugaban sashe a kanta, sai ta ɓige da gyara ɗankwali.

"Sannu jaruma," in ji ƙawarta Kulash a hanya. "Ɗankwalin ya zauna?"

"Ke da kika yi magana, me kika ce?"

"Ni ai a zuci na wanke shi tas!"

Ran Asabar Yerkin ya yanka raguna don a saba da juna, aka sa Marjan cikin masu raba abinci. A madafa ta ji direbansa yana cewa mahaifin maigida na nan da ransa, har doki yake hawa. To fa! A al'adarsu, mai uba a raye ai ba ya taɓa kan rago a gaban jama'a, sai ya miƙa wa dattijon wuri, dattijon kuma shi ke da addu'a.

Ta lallaɓa wajen Baba Tolegen, tsohon makanikensu da ya yi ritaya, ta sunkuya kamar mai zuba shayi, ta raɗa masa damuwarta.

"'Yar nan, so kike a tsayar min da fansho?"

"Baba, ba magana za ka yi ba. Addu'a ce."

Ta kai dafaffen kan rago gaban Yerkin. Ya dafa ƙirji, ya tura farantin gaban tsohon. Kowa ya ɗaga tafi, har shi.

Tsoho ya ja addu'a da nisa, wallahi har romo ya fara sanyi. Ya roƙa wa Yerkin lafiya, da arziki, da tsawon ran mahaifi. Sannan, ba tare da ya sauya murya ba, ya ce, "Allah ya sa gidan renon nan ya zauna a buɗe a hannunka, 'ya'yan masu yi maka aiki su ci su yi barci a cikinsa. Allah kada ya ba ka ikon rufe shi."

Hannun Yerkin na sama, idanun masaƙa kaf a kansa. Wa ya isa ya sauke hannu a tsakiyar addu'ar dattijo? Ya dubi tsohon, dariya ta kusa ƙwace masa.

"Baba, ka ɗaure ni." Ya shafa fuska. "Amin. Ba zan rufe ba."

Daɗi ya kama Marjan har hawaye. Daga bakin ƙofa, da butar shayi a hannu, ta zabga amin ɗin da sai da kowa ya waiwayo, har shugaban sashe, kuma ba ta sunkuyar da kai ba.