Kaset Ɗin Da Ya Maƙale

Sada mai gyaran rediyo a kasuwar Makarfi yana da ciwo guda: ba ya iya ganin abu a rufe bai leƙa ba. Da 'yan gwangwan suka zube masa tarkace, sai ya tsinci wata tsohuwar rediyo da kaset maƙale a cikinta. Da wani ne, fizgewa zai yi ya yar. Shi kuwa kwana biyu ya yi yana lallaɓa zaren da tsinke, ya sake bel ɗin da ke juya kaset, sannan ya kunna.

Ashe ba waƙa ba ce. Wani makiyayi ne da ya tafi kudu da shanu yake aiko wa gida saƙo, irin na kafin zuwan waya. Ya gaida mai unguwar Gazara, ya gaida Lawal, Zulai, Ikrima, har da wata saniya da aka bari a gida.

Abin ya hana Sada sukuni. An samu mai sayen rediyon, amma ina zai kai muryar mutum? Ya rufe shago, ya ɗauki rediyon, ya hau babur sai Gazara, yana bi yana karanto sunaye. Wannan ya rasu, wancan ya ƙaura. Daga ƙarshe aka nuna masa wata dattijuwa mai sayar da nono, Ummukulthum.

Bayan sun gaisa ya ce, "Inna, an ce gidanku ne, amma na saurara sau uku, babu sunanki."

"Kunna dai, malam."

Muryar na fitowa ta ajiye ludayi. Mahaifinta ne. Daga wannan tafiyar bai dawo ba, rediyon gidan kuma ta cinye kaset ɗin tun kafin a kai ƙarshe. Aka jero sunayen kaf ba nata, har Sada ya ji kunyar zuwansa.

"Ni ce 'yar fari," ta ce. "Bai taɓa kiran sunana ba."

Can dab da ƙarewar kaset ɗin mahaifin nata ya yi gyaran murya. "Waccan kuma, a ce mata ta daina zuwa rafi ba takalmi. Na saya mata, suna nan a jakata."

Ummukulthum ta dubi ƙafafunta, babu takalmi. Ta yi dariya, hawaye na zuba.

"Malam, mayar baya kaɗan."