Jitar Jang

Alhaji Hammawa ya cusa kansa cikin napep rungume da wani dogon abu naɗe a bargo. Direba ya leƙo ta madubi ya tambaya ko bindiga ce. Alhaji ya ce masa ya dubi gabansa, unguwar Hausari za a kai shi. To ina zai ce jita ce? Dillalin shanu mai furfura da haƙorin Makka, a gan shi da rana tsaka ɗauke da kayan kiɗa, ai kafin la'asar labari ya gama zaga kara.

Jitar mai lantarki ce, ta Jang, amininsa. Tun suna samari Jang ya zo daga Jos aikin famfo, ya kama ɗaki a gidan su Hammawa a unguwar Bolewa. A lokacin Hammawa gwanin garaya ne. Da yamma sukan zauna a bayan gida, garaya a nan, jita a can. Wata rana Jang ya kwance cikin jitarsa ya yi mata wani tsatsuba, daga nan sai ta koma magana ta hanci, siririyar murya mai kaifi, sak garaya. Ba bikin da ba su cashe ba, na Fulani da na 'yan coci. Da Hammawa ya dawo daga Hajji ya ajiye kiɗa, amma zumunci bai ajiyu ba.

Yanzu ga Jang kwance a gidansa a unguwar Dogo Tebo, tsufa ya tafi da tunaninsa. Kullum Hammawa ya je, sai Jang ya gaishe shi da ladabi, ya ce, “Sannu da zuwa, Malam.” Wannan Malam ɗin ba ƙaramin ciwo yake wa Hammawa ba. Ga shi 'yar Jang, Celina, ta zo za ta tafi da uban Jos gobe da asuba, tafiyar da kowa ya san ba dawowa. Abu ɗaya Hammawa yake roƙon Allah: ya ji sunansa a bakin Jang kafin motar ta tashi.

Shi ya sa ya zaro jitar daga ƙarƙashin gadon Jang, ya tarar tsatsa ta tsinka mata wayoyin ciki. Ya sayi ƙarfen dalma, ya ɗora tabarau, ya yi ta bin wani bidiyo a wayarsa har ya ƙona ɗan yatsa. Jita ta tashi kuwa, murya cike, gwanin daɗi. Jiya ya kaɗa wa Jang. Jang ya saurara, ya ce sannu da ƙoƙari Malam, ya juya fuskarsa bango.

Shagon da ya nufa na Munawwara ne, 'yar marigayi Muhammadu Lawan mai rediyo, wadda ta gaji ubanta, duk lasifikar masallatan unguwar hannunta suke bi. Ta russuna ta gaishe shi, ta ɓoye dariyarta da ya warware bargon. Ya ce mata ta lalace, ta gyara. Ta jona ta a amfilifaya, ta taɓa tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, ta ce ita kam ba ta ji wani aibi ba, garau take. Ran Alhaji ya ɓaci. Ya ce ya fi shekara arba'in da sanin jitar nan, in ya ce ta lalace to ta lalace.

“Baba, in aka kawo maka saniya aka ce ba ta da lafiya, shi ke nan sai ka ba da magani?”

Ya ce wane shi. Sai ya ji me ta ci, tun yaushe ta daina tuƙa, yaya kashinta yake.

“To ni ma haka. Gaya mini yadda take a da, da abin da ka taɓa, da abin da kake ji yanzu.”

Alhaji ya zauna a benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya fara da labarin yadda take yin murya irin ta garaya. Munawwara ta nuna masa maganaɗisu biyu da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyin, da ɗan makunnin da ke zaɓar wanda zai yi aiki, ta tambaya a ina Jang yake ajiye shi. Nan take Hammawa ya tuna. A tsakiya, kullum a tsakiya, har filasta ya manna masa, kuma duk wanda ya taɓa sai ya sha zagi da yaren Birom. Ta ce tsakiya na nufin duka biyun suna aiki tare.

Alhaji ya juya hular a gwiwarsa. Can ya ce akwai wani abu. Da ya buɗe ciki, ya ga wayoyin maganaɗisu na baya a juye, farar tana inda bidiyo ya nuna baƙa, baƙar tana wurin fara. Ya ɗauka kuskuren Jang ne, sai ya mayar da su daidai.

“To 'yata, ga tambayata. Wayoyi biyun nan da na juya, za su iya canza murya alhali kowane maganaɗisu shi kaɗai lafiyarsa lau?”

“Yawwa Baba, yanzu ka yi tambaya.”

Ta yi masa bayani a hankali. Kowane maganaɗisu an naɗe shi da siririyar wayar tagulla. In tsirkiya ta girgiza a samansa, sai ya haifar da 'yar wuta mai zuwa gaba ta dawo baya, ita lasifika ke mayarwa sauti. In biyun suna turawa tare suna janyewa tare, murya ta yi kauri. In aka juya wayar ɗaya, wannan na turawa wancan na janyewa, sai su cinye ƙarfin juna, kauri ya tafi, siririn ya rage. Alhaji ya ce wato kamar bijimai biyu a garma ɗaya, kowa da inda ya dosa. Ta ce kusan haka, kuma shi ya sa ba a jin bambancin sai makunni yana tsakiya.

Ashe ba kuskure Jang ya yi ba. Da gangan ya rage wa jitarsa murya don ta zauna daidai da garayar abokinsa, kuma bai taɓa faɗa ba. Idon Hammawa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙin dalma ne, ko da yake ba a ma kunna ƙarfen ba.

Munawwara ta ce tunda shi ya ɗaura, shi zai kwance. Ta riƙe masa waya, shi ya ɗiga dalma. Ta ce a iya zamanta a shagon nan, yau ta fara ganin wanda ya zo neman a ɓata masa gyara. Ta ara masa ƙaramar amfilifaya mai batir.

Bayan la'asar ya isa Dogo Tebo. An ɗaure akwatuna a tsakar gida, Celina tana ninke kayan uban. Jang na zaune a kujera an jingina shi da matashi.

“Sannu da zuwa, Malam.”

Hammawa ya zauna a tabarma, ya tura makunni tsakiya. Shi bai taɓa iya jita ba, hannun garaya ya sa mata, ya ɗauko wani tsohon take da suke buɗe biki da shi. Siririyar muryar ta fito ta hanci, ta ratsa tsakar gidan. Celina ta tsaya da riga a hannu.

Yatsun Jang suka fara motsi a kan gwiwarsa. Ya ɗago kai, ya ƙura wa mai kiɗan ido, ya haɗe gira.

“Hammawa, wa ya ce ka taɓa mini jita? Miƙo nan, kar ka tsinka mini tsirkiya da wannan hannun naka na kama ƙaho.”

Hammawa ya miƙa masa da hannu biyu. Jang ya ɗora ta a cinya, ya shafa makunnin, ya ja tsirkiya ɗaya ya saurare ta har ta yi shiru. Sannan ya tambaya ina garayar.

Garayar kuwa gara ta cinye ta tun Celina na goye. Hammawa ya ce tana gida.

“Kai dai da mantuwa kake. Gobe ka zo da ita.”

Hammawa ya dubi akwatunan da aka ɗaure, ya dubi Celina, ta sunkuyar da kai.

“Allah ya kai mu,” in ji shi.