Ƙofar da Mai Gyara Ya Buɗe Mana

Shekara talatin Baba ya yi yana buga takardu a ofis. Yanzu cokali ma sai an nuna masa, ni kuwa ya daɗe da daina gane ni. Yatsunsa ne kawai ba su san an yi ritaya ba, kullum suna kan tebur suna dannawa.

Na ba shi kwamfutata, ya ture. Shi dai tasa yake nema, mai shuɗin allo da fararen haruffa, wadda ta mutu tun ina makaranta.

Mai gyara ne ya yi dabara. Ya sa wata manhaja mai kwaikwayon tsohuwar a cikin tawa, sak, har da ƙarar da take yi in an kunna.

Ya ce, "Ɗaki ne a cikin ɗaki, Malama. Abin da ya rubuta a ciki, a ciki zai zauna, sai in na buɗe ƙofa. Folda ɗaya za ku haɗa. Abin da ya ajiye ki gani, abin da kika ajiye ya gani."

Na ce ya buɗe. So nake in san ko ina nan a wani lungu na kansa.

Kwana uku Baba yana bugawa. Ran na huɗu, yana barcin rana, na buɗe foldar. Wasiƙa ce, har da kwanan wata, babu kuskure ko ɗaya.

"'Yata, wata mata ta ajiye ni a gidanta. Ba ta da mugunta, tana ba ni abinci, amma ban san ta ba. Ki zo ki ɗauke ni."

Sau biyu na karanta. Na jira kuka, bai zo ba, shekara huɗu na jinya sun cinye shi. Na je na kwashe shanya, na dawo na rubuta, "Baba, ina nan tafe gobe." Na ajiye a foldar.

Da safe ya gani a shuɗin allonsa. Rabon da in ga haƙoransa har na manta.

Ya ce, "Baiwar Allah, yau 'yata za ta zo. Haɗa mini kayana."

Na ce, "To, Baba."

Na ninke masa riga uku da hula. Ya zauna a bakin ƙofa da jakar a cinya. Na jawo kujera kusa da shi, muka zauna muna jiranta.