Takalman Bakin Gado

"Hamsin da takwas, hamsin da tara..." Tsani ya ɗaga yatsa ɗaya yana saurare. Sai da ya kai sittin da ɗaya sannan jiniyar motar kashe gobara ta tashi daga tashar da ke bayan layinsu. Ya saki hannun ya faɗa kan bargo. "Sittin da ɗaya! Waɗannan shayi suke sha. A zamaninmu rukunin da ya wuce arba'in shi ke wanke mota."

Mai gyaran takalma yana zaune kan ɗan benci a bakin ƙofa yana goga mai a jikin wasu dogayen takalma. Ɗakinsa ne ke kallon na Tsani a gidan hayar, kuma shekara shida ke nan yana jin wannan ƙirgen. Da zarar ƙararrawar tashar ta kaɗa, Tsani zai fara ƙirga daƙiƙu har motar ta fito, ko da kuwa loma ce a bakinsa.

Abokan aikinsa na kashe gobara ne suka raɗa masa Tsani saboda tsawonsa. Yanzu tsawon ya zama wahala, don ƙafafunsa sun fi gadon, sai an kara musu kujera. Tun ranar da rufin wani ɗakin ajiyar fenti ya rufto masa a baya bai ƙara taka su ba. Hayaƙin ranar kuma ya zauna masa a huhu, yana ci a hankali.

"Maƙwabci, ka mayar da su yadda suke fa."

"Yau na fara?"

Ya ajiye takalman a bakin gado, bakinsu na kallon ƙofa, ya zura musu wandon aiki ya naɗe shi ƙasa har idon sawu. Haka 'yan kwana-kwana ke yi, in ji Tsani: ka diro daga gado, ƙafa ta faɗa ciki, ka ja wando sama, ka fita. Mai gyaran takalma bai taɓa tambayar amfanin hakan ga wanda ba ya tafiya ba. Shi ma har yanzu kofi biyu yake wankewa da safe, alhali matarsa ta shekara huɗu da rasuwa.

Da hantsi 'yar ƙungiya ta zo. Ƙungiyar masu tallafa wa ma'aikatan ceto da suka ji rauni da iyalan waɗanda suka rasu ce ta ba Tsani keken guragu da katifa, ita ke sauya masa tukunyar iskar da yake shaƙa. Matar ba ta taɓa saɓa rana ba. Direba ya shigo da sabuwar tukunya ya fita da tsohuwa, ita kuma ta buɗe takardarta a tsaye.

"Baba, magani ya isa? Abinci fa? Akwai abin da ya rage?"

"Komai ya isa, 'yata. Allah ya saka."

"To me kake buƙata wannan watan?"

Tsani ya ja numfashi, ƙirjinsa na ƙara kamar ana jan buhu a ƙasa.

"Mutum."

Ta duba takardar. Akwai gurbin magani, da na abinci, da na haya. Ta ɗago.

"Mai jinya kake nufi?"

"Ga mai jinya nan yana ɓata min takalma. 'Yan rukunina nake nufi. Ko direbanmu Birki kaɗai. Ya zo ya zauna, ya ce min uffan, ya tafi."

Ta rubuta wani abu a gefen takardar. A tsakar gida mai gyaran takalma ya bi ta har bakin mota.

"'Yar nan, likita ya ce kwanaki ne."

"Na sani, Kawu. Sau biyu ina gaya wa Birkin nan. Sai ya ce to, ya sunkuyar da kai." Ta rage murya. "Shi ne wanda Baba ya koma cikin wutar ya ɗauko ranar da rufin ya rufto. Ya ce min ba zai iya haɗa ido da shi ba, shi yana tafiya da ƙafafunsa."

Da rana mai gyaran takalma bai buɗe rumfarsa ba. Ya yanko bayan wani kwalin takalmi, ya zauna da biro. Da girmansa ya koyi rubutu, baƙi ɗaya-ɗaya yake ɗorawa kamar mai buga ƙusa. Ya rubuta: Tsani yana ƙirga muku kullum. Yau sittin da ɗaya. Ya ce shayi kuke sha. Ba zai daɗe ba. Ya kai tashar da kansa, ya miƙa wa mai gadi, ya ce a ba direban da ake kira Birki.

Kwana biyu shiru. Tsani ya daina cin komai sai ruwa a cokali. Duk takun da ya ji a zaure sai ya juyo da kai, in ya ga mai kawo ruwa ne ko matar ɗakin ƙarshe, ya mayar da ido kan silin. Ƙanwarsa ta bugo waya daga nesa tana kuka, ta ce tana neman hanyar zuwa. Ya ce mata kada ta damu, gidan cike yake da mutane. Mai gyaran takalma ya dubi ɗakin: gado, keke, tukunyar iska, shi.

A rana ta uku da la'asar sakaliya aka ji wata babbar mota ta kunno layin, tana gogar rassan bishiyar ƙofar gida. Inuwarta ta rufe taga, jan fentinta ya haska bangon ɗakin.

Tsani ya buɗe ido. "Wannan taka birkin na san shi. Har yau bai iya ba. Maƙwabci, tayar da ni. Goge min baki."

Ya jingina shi da matashi biyu, ya gyara masa wuyan riga. Takun manyan takalma ya cika zaure. Mutum huɗu ne, 'yar ƙungiya na biye da su. Na gaba, Birki, gajere ne mai furfura a gemu, hularsa a hannu yana murza ta. Ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje.

"Oga," ya ce.

"Gajere. Ka yi tumbi."

Birki ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Idonsa ya sauka kan takalman da ke bakin gado da wandon a naɗe, ya kasa ɗauke shi. Ya buɗe baki zai yi magana ke nan, rediyon da ke kafaɗarsa ya yi ƙara. Wata murya ta kira lambar motarsu, ta faɗi layi da lambar gida, ta ce akwai mutane a sama.

Babu wanda ya motsa. Birki ya dubi Tsani.

"Ɗaya," in ji Tsani. "Biyu. Uku. Me kake kallo, ɗan banza? Huɗu!"

Suka juya a guje. Wani ya yi karo da bokitin zaure, ƙofofin mota suka buga. Tsani na ƙirge, murya na shaƙewa, yatsansa a sama. Jiniya ta tashi.

"Ashirin da tara," ya ce. Ya koma kan matashi, fuskarsa a sake. "Ka ji, maƙwabci? Ni na koya masa."

'Yar ƙungiya ta share ido da gefen hannu. "Za su dawo, Baba. Da sun gama za su dawo."

"Da ya tsaya gaishe ni, da na tashi na mare shi."

Wannan karon ba ta tafi ba. Ta ajiye takardarta kan keken, ta zauna a bencin. Mai gyaran takalma ya zauna a gefen gado, hannun Tsani a cikin nasa. Jiniyar ta yi ta nisa har ta ɓace. Tun rana ba ta faɗi ba hannun ya yi nauyi. Mai gyaran takalma ya jira, ya ƙara jira, sannan ya miƙa hannu ya murɗe bakin tukunyar iskar. Sai a lokacin ya gane irin ƙarar da take yi duk shekarun nan.

Birki ya dawo da sassafe, yana warin hayaƙi, an riga an rufe Tsani da zane. Ya durƙusa a bakin gado ya daɗe. Da ya miƙe ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Mun fito da su duka. Har da wata tsohuwa da ke sama."

Bayan mako guda direban ƙungiya ya zo ya kwashe keke da katifa da tukunya, akwai wani mai motar asibiti da ya karye a ƙugu yana jiransu. 'Yar ƙungiya ta nuna takalman.

"Kawu, waɗannan fa?"

"Bar su. Mai ya kusa bushe musu."

Ya kai su ɗakinsa, ya ajiye a bakin gadonsa, bakinsu na kallon ƙofa. Ɗakin da ke fuskantar nasa an share shi, an bar ƙofar a buɗe don ya sha iska.

Da hantsi yana wanke kofuna ƙararrawar tashar ta kaɗa. Ya tsaya da kofi na biyu a hannu, ruwa na ɗiga daga gindinsa, leɓɓansa na motsi.