Barkonon Laraba a Kwalba

Ɗantsoho ya dawo unguwar Ma'adi ta Alƙahira daga Zariya ya tarar barkonon matarsa ya mutu a tukunya. Bai yi mamaki ba. Itacen ya tsufa, zafin Alƙahira kuma ba ya tausayin tsoho. Abin da ya tsayar da shi a baranda da jaka a hannu shi ne 'ya'yan. Babu ko ɗaya.

Matar tasa, Laraba, ita ce ta zo da irin daga gidansu na Wusasa, a ƙulle cikin gefen zane, shekarar da aka turo shi ofishin jakadanci yin tafinta. Tsiduhu ne, ƙanana, masu faɗa. Ta ce shatta, barkonon Misirawa, ja ce kawai, ba ta da magana. Duk shekara takan zaɓi 'ya'yan da suka fi ƙoshi ta ɗaura musu jan zare a wuya, alamar na iri ne, ba a taɓa su sai sun bushe a jikin uwarsu. Da ta rasu aka binne ta a maƙabartar Kiristoci ta tsohuwar Alƙahira, shi ya sa ya yi ritaya bai koma gida ba. Ya gaji tukunyar da zaren. Mutumin da ya karanta littattafai cikin harsuna uku ya koyi ɗaurin zare. Kafin tafiyarsa ya ɗaura wa na bana, ya bar mabuɗi wajen Mazin, saurayi Bamisire da ke zaune a hawan ƙasa, mai kiransa Ammu, wato baffa, don ya riƙa ba da ruwa.

Ya sauka ya ƙwanƙwasa.

"Ammu Ɗantsoho! Barka da dawowa! Shigo, ina da abin mamaki."

"Ni ma na tarar da ɗaya a sama."

"Itacen? Ma'alish, yi haƙuri ya Ammu, wallahi na yi ƙoƙari. Amma zauna tukuna."

Mazin injiniya ne da rana. Sauran lokacinsa yana dafa giya a kicin, cikin manyan tukwanen ƙarfe, da sha'ir da wani busasshen fure mai ɗaci da yake sayowa daga Turai. Yana maganar giyarsa kamar yadda wasu ke maganar 'ya'yansu, kuma kamar su, ba ya lura idan mai sauraro ya gaji.

Ya fito da kwalba mai sanyi daga firji. A jikinta ya manna takarda, ya rubuta da hannu: Madam Laraba. A wuyanta an ɗaura jan zare.

Ɗantsoho ya daɗe yana kallon zaren.

"Da na ga itacen na tafiya, na ce kada su lalace," in ji Mazin. "Sai na ga ka ma yi wa mafi kyau alama. Na ce tamam, Ammu ya sauƙaƙa mini aiki."

"Na sauƙaƙa maka."

"Su kaɗai na saka a giyar. Sauran na ba mai gadi, ya cinye da wake."

"Da ƙwayoyin ka saka?"

"Ai zafin a wajensu yake!"

"Ka tafasa su?"

"Sosai. In ba a tafasa ba tana lalacewa."

"Tsakin fa? Abin da ya rage a gindin tukunya."

Mazin ya yi dariya. "Tun tuni masu shara suka tafi da shi. Khalas, an gama. Me za ka yi da tsaki, ya Ammu?"

Gidan Wusasa an sayar, an yi shagunan waya a filin. 'Yan'uwan Laraba da ya tambaya a wannan tafiyar sun ce wa ke shuka tsiduhu yanzu, ga na kasuwa. Ɗantsoho ya buɗe baki zai faɗa masa duk wannan, sai ya ga fuskar yaron tana ƙyalli kamar ta wanda ya kawo kyautar biki. Ya rufe bakin.

Rabonsa da giya tun kafin aurensu, don sharaɗin Laraba ke nan, kuma bai taɓa karya shi ba. Ga shi yau an kawo masa ita a kwalba da sunanta.

"Zuba," ya ce.

Ruwan ya fito kalar zuma, da kumfa a kai, yana ƙanshin ɓawon lemo da ɗanyar ciyawa. Kurɓar farko ɗaci ne zalla, irin na maganin zazzaɓi, ya kama harshe ya ƙi saki. Ya haɗiye, har ya fara shirya wa Mazin baƙar magana. Sai zafin ya taso daga can ƙasan maƙogwaro, a hankali, ba gaggawa, ya hau har bayan kunnuwa. Shi ne. Zafin miyar kukar Laraba ta ranar Lahadi bayan coci, wanda ke jira sai ka ce babu yaji sannan ya kama ka.

Idanunsa suka kawo ruwa.

"Ka gani!" Mazin ya tafa hannu. "Haka ta yi wa abokaina. Sun shanye sauran a zama ɗaya, wannan da ƙyar na ɓoye maka. Suna ta tambaya. Yaushe za ka sake shukawa? A karo na gaba ina son ninki biyu."

"Za ka jira."

"Har yaushe?"

"Kai yaro ne, kana da lokaci."

Ya shanye kofin, ya tsiyaye abin da ya rage a kwalbar ya shanye shi ma. Ya kwance jan zaren ya sa a aljihu. Mazin ya miƙo masa ruwa da gutsuren burodi, wai suna kashe zafin.

"Bar su," in ji Ɗantsoho.

Ya zauna a kujerar baƙi da bakinsa a rufe, Mazin na ta bayani a kan furen Turai, shi kuwa yana bin zafin da hankalinsa yayin da yake ja da baya, daga kunnuwa zuwa maƙogwaro, daga maƙogwaro zuwa gefen harshe. Bai tashi ba sai da ya ƙare. Ɗacin ne ya raka shi hawa bene.