Baƙuwar Pani Lucyna

Duk abin da ya ɓaci a sansaninmu, mai girki ce. In janareta ya tsaya, wai na cika kunna tanda. In wani ya tashi da ciwon ciki, miyata ce. Ni Stasia na saba. Na daɗe ina dafa wa masu bincikenmu na Poland abinci a wannan tsibiri na bakin Antatika, har na koyi ba da amsa kafin a gama tambaya. Amma da aka nemi a ɗora mini maganar ciyawar Pani Lucyna, raina ya ɓaci da gaske.

Pani Lucyna, wato Malama Lucyna a yarenmu, masaniyar tsirrai ce, ta kuma zaɓi yin aiki a inda babu tsirrai. Bayan sansani, in ka wuce gaɓar da giwayen teku suke kwanciya suna gyatsa, akwai dutsen ƙanƙarar da yake ja da baya kowace shekara, yana barin tsakuwa da laka waɗanda ba su taɓa ganin rana ba. A nan ta kewaye wani fili da igiya, bai fi ɗakin girkina ba, kuma babu mai taka shi sai ita. Ranar da ta kafa turakun, ƙanƙarar tana gogar igiyar. Yanzu sai ka yi tafiya mai ɗan nisa kafin ka taɓa ta.

Aikinta jira ne. Ta ga ƙasar ta yi wani baƙin ɓawo kamar gindin tukunya, ta yi murna. Ta ga duwatsun sun yi dabbare-dabbaren ruwan ɗorawa, ta yi murna. Gansakuka ta kama inda tsuntsaye suke kashi, ta kusa yin biki. Abin da ya rage mata ɗaya ne, wato 'yar gajeriyar ciyawar nan ta asalin wurin, wadda iska ko tsuntsu zai kawo irinta da kansa. Ita take jira tun gashinta yana baƙi. Bana kuma zuwanta na ƙarshe ne, don gwiwoyinta sun ƙi, likita ya ce hawan jirgin ruwa ɗaya ya rage mata, na komawa gida.

Shugaban sansani kuwa Pan Bogumil ne, wato Malam Bogumil, mutumin da ya fi tsoron ƙwayar iri a kan guguwa. Duk wanda ya sauko daga jirgi, sai ya goge masa takalmi da buroshi, ya bi aljihunansa da injin zuƙar ƙura, har naɗin ƙafar wando bai bari ba. Ni ya ƙwace mini ƙullin ganyen ƙamshin da nake sa wa kifi, wai akwai 'ya'ya a jiki.

"Ƙwaya ɗaya, Pani Stasia!" in ji shi, yana ɗaga yatsa. "Ƙwaya ɗaya ta isa ta lalata tsibiri!"

Na ce masa to ya ci kifinsa lami, ya ji yadda tsibiri yake.

Wata safiya a farkon Disamba ina murza ƙullu, sai ga Pani Lucyna ta faɗo kicin ba ko cire takalmi, matar da hawa matakala ma sai ta huta.

"Ta zo, Stasia! Ta zo!"

"Wa ta zo? Jirgi?"

"Ciyawa, ke! Wanke hannunki!"

Kowa ya bar abin da yake yi. Muka jeru a bayan igiya, manya da mu, muna leƙen wani ɗan tsiro kore da bai kai babban yatsa ba. Olek makanike ya cire hularsa a cikin wannan iska, ya ce shi bai ga komai ba amma yana taya murna. Pan Bogumil ya yi jawabi mai tsawo har wata shirwar teku da take kallonmu ta gaji ta tashi. Ni kuwa na koma na yi kek, na sa masa ƙwan da nake ɓoye wa Kirsimeti. Ban yi nadama ba, don ban taɓa ganin fuskar matar nan haka ba.

Ciyawa ta yi ta girma, girman da ya fi yadda ake zato. Olek ya ce albarkar jawabin Oga ce.

Ranar jajiberin Kirsimeti da hantsi, ina tsakiyar haɗa jar miyar barsh, Pani Lucyna ta shigo a hankali ta zauna a kan buhun dankali. Na miƙa mata shayi, ta riƙe kofin ba ta sha ba.

"Ba ita ba ce," ta ce.

"Wace ce ba ita ba?"

"Ta fitar da kai yau, na duba. Ciyawar gida ce, Stasia. Irin wadda take fitowa a tsagin dakalin ƙofar gidanku da namu."

Na ce to ai ciyawa ciyawa ce. Ta girgiza kai. Ta ce wannan in ta zubar da 'ya'ya, baɗi ta zama goma, sannan ta cinye filin, ta asalin wurin kuma in ta iso ba za ta sami inda za ta tsaya ba. Dole a cire ta kafin ta nuna.

Na rufe ƙofar kicin. Na ce, "Pani Dokta, saurara. Duk tsibirin nan wa ya san bambancin in ba ke ba? Olek ko tsintsiya kika dasa zai cire mata hula. Ki ɗauki hotonki, ki hau jirginki, ki je ki huta."

Ta dube ni har na ji kunya. "Ni na sani," ta ce. "Kuma filin ba nawa ba ne, gadi kawai nake yi."

Kafin azahar labari ya kai kunnen Pan Bogumil, ya kafa kotu a kicin ɗina, tsakanin kifi da kabeji. Bai ɓata lokaci wajen neman mai laifi ba.

"Pani Stasia, dankalin nan da ƙasarsa ya zo?"

"Kai ka wanke shi da hannunka, ɗaya bayan ɗaya, ina kallo."

"Ɓawon albasa fa, ina kike zubarwa?"

"A inda ka ce. Ko yanzu albasa ce take haihuwar ciyawa? Kai Pan Bogumil, ka ji tsoron Allah! Ka ƙwace mini ganye, ka zuƙe mini aljihu har da kwabbaina, yanzu kuma ni ce manomiya?"

"Ba zargi nake ba, bincike nake."

"To yi bincikenka daga can, kana tsaye a kan tsummana."

Muna cikin haka Olek ya leƙo daga ɗakin cin abinci da farin ƙyallen tebur a kafaɗa. Shi aka sa ya shirya teburin yamma.

"Oga, bana babu ingiricin ne? In shimfiɗa haka nan?"

Kowa ya tuna. A gida can Poland, ba a shimfiɗa ƙyallen teburin jajibere sai an sa busasshiyar ciyawa a ƙarƙashi, don tunawa da sakarkarin da aka kwantar da jariri Yesu. Shekara da shekaru muna yi da yankakkiyar takarda, don doka ta hana shigo da ingirici tsibirin. Amma bara da muka zauna, sai muka ji ƙamshin ingirici na gaske yana tasowa daga ƙarƙashin farantai. Ƙarti masu gemu suka yi ta share ido. Babu wanda ya tambayi inda ya fito, don kowa ya san in ya tambaya za a ba shi amsa.

Pan Bogumil ya zauna a kan bokitin kabeji. Kunnuwansa sun fi miyata ja.

"Mamata ce," ya ce. "Daga gonarta ne. Ta cusa mini a cikin safa."

"Safar da ba a zuƙe ba," na ce.

"Na yi niyyar in gasa shi a tanda ya mutu. Na buɗe ƙullin, na ji ƙamshin rumbunta, sai na ce bari sai gobe."

"Ƙwaya ɗaya, Pan Bogumil," na ce, na ɗaga masa yatsa. "Ƙwaya ɗaya ta isa." Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin faɗar wannan har cikin raina.

Ya ce amma washegari ya tattara duka ya ƙona, bai bar ko sili ba. To ta yaya ƙwayar ciyawar ta kai cikin filin?

"Ni na kai ta," in ji Pani Lucyna daga kan buhunta.

Bara bayan cin abinci, kowa ya zura hannu ƙarƙashin ƙyalle ya zaro sili ɗaya, kamar yadda ake yi don ganin sa'ar shekara. Nata ya fito dogo, mai kai. Olek ya yi ihu ya ce bana abin da take jira zai zo. Ita da ta yi rayuwarta tana koya wa mutane kada su yarda da irin wannan, sai ta soke silin a aljihun da take sa safar hannu. Kullum kuwa a cikin filin take zaro safar.

"To ai ban yi ƙarya ba," in ji Olek. "Na ce za ta zo, ta zo." Da ya ga babu mai dariya sai ya gyara murya. "Ni dai ga tawa shawarar. Yau ba ranar korar baƙo ba ce. Me ya sa muke ajiye faranti ɗaya da kujera ba kowa? Ba don wanda ya zo daga nesa ba tare da gayyata ba? To ga 'yar garinmu ta ƙetaro duniya, ta sha sanyi ta rayu, sai mu tumɓuke ta yau? A bari sai jibi mana."

Muka juya ga Pan Bogumil, mai doka a baki kullum. Shi kuwa ya juya ga Pani Lucyna.

Pani Lucyna ta tashi, ta zaro babban cokalina daga cikin kwano, ta goge shi a rigarta. "Jibi iska ta riga mu," ta ce.

Na bi ta har bakin igiya, na tsaya a inda kowa yake tsayawa. Ta daɗe kafin gwiwoyinta su yarda ta durƙusa. Ta haƙa a hankali, ta ɗago ciyawar da saiwarta da ƙasar da ke kewaye, ta bi wurin da ido ko wata ƙwaya ta faɗi. Da ta miƙe, filin ya koma yadda yake, tsakuwa da gansakuka da ɗan rami. Tausayinta ya kama ni ƙwarai.

A gida sai tauraro na farko ya fito ake zama cin abincin jajibere. A nan kuwa rana ba ta da niyyar faɗuwa a Disamba, don haka Olek ne yake hawa kan tankin mai ya kunna tocila, mu kuma mu ce mun gani. Ya hau, ya kunna, muka ce mun gani. Muka zauna a kan yankakkiyar takarda.

Pani Lucyna ta shigo a ƙarshe. Ta wuce kujerarta, ta je wurin farantin baƙo, ta ajiye ciyawar a kai da ƙasarta.

"Ta zo daga nesa," ta ce. "Ta ci abinci da mu tukuna."

Muka karya burodin addu'a, kowa ya yi wa kowa fatan alheri. Pan Bogumil ya zo gabana da nasa guntun, ya ce baɗi zai bar mini ganyena in dai na yarda ya gasa shi. Olek ya zuba wa baƙuwa ɗan abin sha a ƙaramin kofi, ya shanye a madadinta. Da aka gama, Pani Lucyna ta ɗauki ciyawar da hannunta, ta buɗe murhuna ta saka, ta tsaya har ta cinye.

Jirgi ya zo ya tafi da ita, ba ta ga ciyawar da ta jira ba. Igiyar tana nan, in na wuce nakan leƙa.

Duk shekarun da na yi a sansanin nan, farantin baƙo yadda aka ajiye shi haka nake mayar da shi kabad. Ranar ce kaɗai na wanke shi.