Feshin Damin Ƙarshe

Ranar da Baba ya kira ni ɗakin aikinsa ya ce in turo ƙofa, na ɗauka maganar rawar hannunsa zai yi min. Sai ya buɗe wata 'yar kwalba ya miƙo.

"Shinshina, Likita. Me kika ji?"

"Kanumfari," na ce.

"To ni ban ji komai ba. Wata huɗu ke nan, tun murar nan da ta kwantar da ni. Ko tukunya ce take ƙonewa a gabana, sai dai in ga hayaƙi."

Ni ba likita ba ce, a shagon magani nake aiki, amma tun ranar da na fara sa farar riga Baba ya laƙaba min sunan. Shi kuwa sana'arsa naɗa taba. Ba sigarin kanti mai farar takarda ba. Tasa ganye ce zalla, mai kaurin babban yatsa, wadda mutum zai zauna da guda ɗaya ya yi awa yana zuƙa. Shekara arba'in da ɗaya yana wannan aiki a ɗaki ɗaya a bayan gidanmu, mai taga ɗaya da teburin da gwiwar hannunsa ta yi wa rami. Masu naɗi ba su ƙare a gari ba, amma abin da ke sa dattawa su ratso lungunmu shi ne feshinsa. Kafin ya naɗa ganye sai ya fesa masa wani ruwa da yake dafawa da kansa: zuma, busasshen ɓawon lemo, kanumfari, kirfa, ɗan gahawa, da ɗigon khal, ruwan tsamin nan na kwalba, don kada ganyen ya yi fumfuna. Bai taɓa ɓoye kayan haɗin ba. Yawan kowanne ne ba wanda ya sani, har shi kansa, domin bai taɓa aunawa ba. Yana zubawa yana shinshinawa, har hancinsa ya ce ya isa.

Ya jawo wani akwatin katako daga ƙarƙashin tebur ya ɗaga murfin. Dami ne guda na ganye, launin ƙasa mai duhu, an ɗaure shi ashirin da biyar-biyar.

"Shekara tara ina ajiyarsa," ya ce. "Manomin da ya noma shi ya rasu, gonar ma yanzu tashar mota ce. Ba za a sake samun irinsa ba. Da shi nake so in rufe aiki, kafin hannun nan ya ƙi ni gaba ɗaya. Amma feshi in ya sauka a ganye ba ya komawa kwalba. In haɗin ya ɓaci, damin ya tafi ke nan. Ki zama hancina."

"To, Baba."

"Kuma kada uwarki ta ji. Shekara arba'in tana ce min gwano ba ya jin warin jikinsa. Ba zan zauna ta ce maganarta ta tabbata ba."

Inna ba ta taɓa sa ƙafa a ɗakin nan ba, ko sau ɗaya. In za ta wuce ƙofar sai ta toshe hanci da bakin zane. Bokiti ta ajiye masa a bakin ƙofa, doka ce, duk ranar da ya yi feshi sai ya tuɓe riga ya jefa ciki kafin ya shigo cikin gida. Muna yara muna haddace faɗan nan kamar karatu. Ita ta ce wari, shi ya ce ƙamshi, a ci abinci a kwanta, gobe a ɗora daga inda aka tsaya.

Na zo wa aikin da girman kai, ba zan ɓoye ba. Na kwaso ƙaramin sikeli da sirinji da kwalabe shida daga wurin aiki, ina ganin abin da tsoho ya yi da ka, ai mai ilimi za ta yi shi da awo cikin sati. Na dafa haɗi shida na zuba a kwalaben, na manna wa kowacce lamba. Baba ya zauna a gefe yana tambaya.

"Me kika ji a ta uku?"

"Ƙamshi."

"Wane iri? Zumar ce a gaba ko lemon? Kanumfarin ya tsaya a baya ko ya tsoma baki?"

Na sake shinshinawa har kaina ya fara sarawa. Ni dai duk ƙamshi nake ji. Ashe hanci ma yana da jahilci, kuma nawa ko harafi ɗaya bai sani ba.

Da na zaɓi ta huɗu, na ɗauki kwalbar feshi na saita ta kan ganye, sai ya riƙe min hannu. "Ba wanka za ki yi masa ba." Ya karɓa, ya ɗaga kwalbar sama da kansa, ya matsa sau biyu a iska. Sannan ya ɗauki ganyen ta wutsiya ya ratsa da shi ƙarƙashin raɓar da ke saukowa, gaba da baya, sau ɗaya tak. Ya kai shi kunnensa ya ɗan murza. Da farko ganyen yana ƙara kamar busasshiyar takarda. Ya jira, ya sake ratsawa, ya sake saurare. A karo na uku ganyen ya yi shiru, ya kwanta a tafinsa laushi lis, jijiyoyinsa suka fito. Mutumin da kofin shayi ke karkarwa a hannunsa har ya zube, ga shi ya riƙe ganye mai shekara tara ko gefensa bai tsage ba. A gidan nan aka haife ni, amma ban taɓa tsayawa na kalla ba sai ranar.

Muka gwada haɗina a ɗauri ɗaya daga cikin damin, ni na matsa a yi hakan. Bayan kwana goma muka buɗe, sai ga fumfuna fari fat ta bi jijiyoyin. Zuma ta yi yawa, khal bai kai ba. Ganye ashirin da biyar suka tafi. Baba ya daɗe yana shafa su da yatsa ɗaya kafin ya naɗe su a jarida. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Na koma bayan ƙofa na yi kukana.

Washegari da hantsi na sake ɗora tukunya a kan ɗan risho na ɗakin, na bar ƙofa a buɗe saboda zafi. Inna tana tsakar gida tana shanya, ta ba mu baya. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Ɓawon lemon nan ya yi yawa. Kuma kun sa shi da wuri, ɗaci zai yi."

Ni da Baba muka kalli juna.

"Uwar yara, da wa kike?" in ji Baba.

"Da mai jar koma nake, kifi na ganinsa." Ta matse wata riga ta yarfa. "Madara ta ƙone kana zaune kusa da ita kana karanta jarida. Wata huɗu bokitina ba riga. Sai ga yarinya tana ta safarar kwalabe kamar mai haɗa maganin ɓera. Malam, ni ce ba ni da hankali?"

Baba ya sunkuyar da kai. Na jira in ji maganar gwano, amma ba ta yi ta ba. Ta goge hannu a zane, ta tako har bakin ƙofar, ta tsaya tana duban ɗakin da ta yi shekara arba'in da ɗaya tana zagewa. Sannan ta shigo.

"Wanne kake so?" ta ce.

"Wanne me?"

"Warin. Ai ba ɗaya ba ne. Na farkon aurenmu duk kanumfari ne, har idona yake ruwa in ina wanki. Shekarar da aka haifi wannan," ta nuna ni da haɓa, "ka cika kirfa, kana ta rawar kai. Bayan rasuwar mahaifiyarka ka yi shekara biyu gahawa ce kawai ke tashi, ɗaci kamar me. Shekarar da manomin nan ya kawo damin ka rage zuma, don ganyensa da zaƙinsa yake zuwa. Wanne kake so?"

Baba ya tsaya yana kallonta. Ni kuwa cokali na hannuna, na manta da tukunya. Matar da ba ta taɓa riƙe ganyen taba ba, ga ta tana karanto rayuwarsa shekara bayan shekara daga abin da ta shaƙa a bakin bokiti.

"Yaushe kika san duk wannan?" ya tambaya, muryarsa ta yi ƙasa.

"Wa ke wanke rigunan? Kafin in tsoma sai na shinshina wuyan, in san yawan sabulun da za ta ci. Mutum ya yi haka shekara arba'in ai ko bai so ba ya haddace."

"Na shekarar damin nake so," ya ce.

Ta sa na zubar da abin da ke tukunya na ɗora sabon ruwa. Sikelina ko kallo bai ishe ta ba. Kanumfari uku, ta ce, a cire ɗaya in ruwa ya tafasa. Kirfa rabin ɗan yatsa. Lemo sai an sauke. Da ya huce na miƙa mata kwalbar, sai ta ture.

"Ni ban san shi a kwalba ba. A riga na san shi."

Haka aka yi. Baba ya sa riga mai tsabta, ya fesa haɗin a iska ya yi aiki da ganyen gwaji a ƙarƙashinsa, yadda ya saba, har ya yi gumi. Bayan awa guda ya tuɓe ya miƙa mata. Ta kai wuyan rigar hancinta ta lumshe ido. "Zuma ta yi gaba. A rage." Washegari aka sake dafawa, aka sake riga. "Khal ya yi tsawa, kamar mai faɗa." Baba da ko shawarar abokan sana'a ba ya ɗauka, ga shi tsaye da singileti yana jiran hukunci. A rana ta huɗu ta riƙe rigar a hanci ta daɗe tana shaƙa. Sannan ta ce, "Fesa."

Ya dubi akwatin, ya dube ta. Ba shi da hanyar tabbatarwa, ni ma ba ni da ita. Maganarta ce kawai, da damin da ba shi da na biyu. Ya yi bisimilla ya ɗaga kwalbar.

Wuni guda ya ɗauka. Ni ina kwance ɗauri ina miƙa masa, shi yana ratsa kowane ganye ƙarƙashin raɓar yana saurare, Inna tana zaune a kan kujerarsa da bakin zane a hanci, tana cewa a buɗe taga kada a kashe ta. Muka jera ganyen a akwati muka rufe. Sati uku, duk bayan kwana biyu sai ya buɗe ya juya su, na ƙasa su koma sama. Duk buɗewa sai in leƙa, ina neman farin nan a jijiyoyi. Bai fito ba.

Ranar naɗi ya zare jijiyar tsakiya daga kowane ganye, ya ware su kashi uku yadda yake kiransu: ciki, ɗamara da riga. Ya tattara na cikin a tafinsa, ya ɗaure da ɗamara, ya murza a kan tebur. Ya yanka rigar da lanƙwasasshiyar wuƙarsa, ya naɗe ta a karkace tun daga ƙasa har sama, ya dangwali ƙaro ya liƙe kan. Ta fito sumul, ba ƙulli ba rami. Ya bar ta farkon ta sha iska kwana biyu.

Da la'asar ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, ya yanke kan, ya kunna. Tokar ta fito fara, wutar tana ci daidai ta kowane gefe. Ya zuƙa, ya riƙe, ya fesar. Na ga fuskarsa, na san ɗumi kawai ya ji.

"Likita?" ya ce.

"Da daɗi, Baba," na ce, ni ma na san amsata ba ta da amfani.

Inna tana tsaye nesa kaɗan, hanci a toshe kamar kullum. Bai kira ta ba, ya dai ɗaga kai yana kallonta. A hankali ta sauke zanen. Ta matso ta shiga cikin hayaƙin, ta ja numfashi har ƙirjinta ya ɗaga, ta yi tari sau biyu.

"Shi ne," ta ce. "Warin nan dai da ya hana ni sakat. Ko ɗigo bai canza ba."

Baba ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya sa bayan hannu ya goge ido ya ce hayaƙi ne. Ya zauna ya shanye ta har ƙarshe, awa guda cur, abin da ba ya jin ɗanɗanonsa, yana murmushi.

Da ya gama ya tuɓe rigar ya jefa a bokiti, don doka ba ta tashi ba. Na ɗebo ruwa zan zuba, sai Inna ta riƙe min hannu. Ta sunkuya ta ciro rigar, ta kakkaɓe, ta ninke ta.

"Bar wannan," ta ce. "Ba ta wanki ba ce."